Gashin da Ke Cikin Kambun Baba

A gidanmu na Matameye ba a barin gashi a ƙasa. Tun ban iya ɗaura zane ba na san da wannan. In mai kitso ta gama da kan Inna, kafin ta ko duba madubi sai ta bi tabarma da hannu tana tsince duk silin da ya faɗi, ta zare wanda ya maƙale a mataji, ta dunƙule shi a tafin hannu, ta zaga bayan ɗaki ta tona rami ta binne, ta take wurin da diddige. Mu ma haka ta hore mu. Cewarta gashi da farce su ne mutum, wanda ya riƙe naka ya riƙe ka. Na yi lakwal, wato karatun boko, na yi aure a Damagaram, ina koya wa ƴaƴan mutane cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ciwo, amma har gobe in na taje kaina ba na iya jefa gashin a shara. Don haka in na ce ranar da aka farke kambun Baba muka ga gashin mace a ciki na tsorata ƙwarai, duk wanda ya yi irin tashinmu ya san ban yi ƙari ba.

Kambun ɗan ƙarami ne, na jar fata, yana ɗaure a damtsen Baba na dama a ƙarƙashin riga. Da shi na buɗe ido na gan shi. Kowace shekara in an gama cika rumbu, Baba ya bi ƴan cin rani zuwa Kano, inda yake da teburin shayi a bakin wata tasha. Sai hadari ya fara haɗuwa ya dawo mana da sabulu da turmin atamfa da tari, kambun kuwa yana nan inda yake. Abu ɗaya ne ban lura da shi ba sai daga baya. Komi na Baba yana tsufa, hularsa, takalminsa, gwiwoyinsa, amma fatar kambun nan ba ta taɓa tsufa ba.

Wanda kambun ya tsaya wa a rai shi ne Yaya, babban wanmu. Ba Inna ta haife shi ba. Mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, Inna ta shigo gidan ta tarar da shi yana koyon tafiya a hannun kakarmu, ta karɓe shi ta goya. Ni kaina sai da na yi wayo sosai na ji wannan, a bakin wata maƙwabciya, domin a gidanmu ba mai tada zancen. Kunyar ɗan fari Inna take yi masa. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, in tana so a ba shi abinci sai ta ce, “A miƙa wa wancan.” Yaya ya girma ya zama ɗan kasuwa, ya yi karatun addini mai zurfi, ya tsani layu da guraye. Ya sha zama gaban Baba a zaure, cikin ladabi, yana jawo masa aya da hadisi. Baba sai ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Gaskiyarka. Ni ma na san ba ya tsare ni daga komi.” In Yaya ya ce to a cire mana, sai Baba ya ce, “Bar shi dai,” ya jawo rediyonsa.

A bazarar da abin ya faru Baba ya tsufa har an hana shi aikin gona, amma ya saci jiki da sassafe ya tafi shara, wai kada ruwa ya sauka ya tarar da kara a tsaye. A kan amalanke aka dawo da shi, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Kafin in samu motar da za ta kawo ni daga Damagaram har an kai shi likita, wato asibiti. A can ne majo, ma'aikacin jinya, da zai auna masa tansiyo, wato hawan jini, ya kwance kambun don ya samu wurin ɗaura abin awo, ya miƙa wa Yaya. Yaya ya jefa shi a aljihu. Na san a ransa cewa ya yi Allah ne ya raba mahaifinsa da shirka tun kafin a zo ɗaukar rai.

Bayan ƴan kwanaki aka ce mu koma gida da shi, a ci gaba da magani da addu'a. Magana ta ƙi. Sai wani gurnani da ke fita ta gefen baki, sai ido, sai hannun hagu da bai mutu ba. Wannan hannu kuwa bai huta ba. Kullum yana kan damtsen dama, yana lalube, yana yakushi, har fatar wurin ta saɓule. Muka ce ciwo yake ji, muka shafa man zafi. Muka ce ƙaiƙayi ne, muka shafa man kaɗe. Ya kuma rage cin abinci. Inna za ta dama kunun tsamiya irin wanda yake so, ta tallafi kansa, ya kurɓi kaɗan don ita, ya kawar da fuska.

A nan Gwaggo ta iso daga Kurni. Ita ce yayar Baba, Hajiya mai haƙorin Makka da baki kamar reza. Kowa ya ce ni na gado bakinta, shi ya sa ba ma shan inuwa ɗaya. Ta daɗe da jin haushin Inna, ba don Inna ta yi mata komi ba, sai don ƙanenta ya ƙi ƙara aure duk ƴan matan da ta nuna masa, kuma ba ya yanke shawara sai ya shiga ɗakin Inna ya fito.

Wata rana da hantsi Inna ta kira ni madafa, ta ce, “Ki gaya wa wancan ya maido abin hannun Malam.” Malam take ce wa Baba. “Shi yake nema.”

Na samu Yaya a gindin dogon yaron da ke tsakar gida, Gwaggo na gefe tana jan carbi. Na isar da saƙo. Ya ce ba zai maida wa mutumin da ke bakin kabari shirka ba. Na ce mutumin da ke bakin kabarin ubanmu ne, kuma yunwa na neman ƙarasa shi. Ya ce in ji tsoron Allah. Na ce shi ma ya ji. Muryata ta tashi, tasa ta yi sanyi, abin da kullum ke ƙara tunzura ni. A ƙarshe ya ce, “Bari in nuna miki abin da kike faɗa a kansa. In ayoyi ne a ciki mu adana su inda ya dace, in hatimi ne da sunayen aljannu ki gani da idonki.” Ya aika aka kawo reza, ya bi ɗinkin a hankali.

Babu takarda. Ɗan ƙyalle ne baƙi, an ɗinke shi da zare. Ya farke shi, ya zazzage a tafin hannunsa. Silin kitso ne guda, tsawonsa kamar ɗan yatsa, an ɗaure bakinsa da zare, gashin ya yi ja-ja ya bushe. Kitson mace.

Na nemi gindin itacen na zauna ba tare da na san na zauna ba. Yaya ya miƙe hannun nesa da jikinsa yana ta'awizi, fuskarsa ta yi fari. Duk abin da aka cusa mini tun ina ƙarama ya taso mini. Gashin mutum, a ɗinke, a ɗaure a jikin ubana shekara da shekaru, kuma a daidai hannun da ya mutu. Na tsorata ƙwarai, karatuna bai hana ni ba.

Gwaggo ta ajiye carbi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina faɗa ana ce mini mai baki. An mallake ƙanen nan nawa tun yana da ƙuruciya, ga shi yau abin ya juyo ya cinye shi.” Ta karɓi fatar ta juya ta, ta kai kusa da ido. “Wannan ɗinkin ba tsoho ba ne. Akwai mai sabunta shi.”

Kashegari ranar kasuwa ce. Gwaggo, da ciwon ƙafarta da komi, ta yafa mayafi ta tafi layin dukawa da fatar a hannu. Ba ta sha wahala ba. Tsohon badukun da ke can ƙarshen layi ya gane aikinsa, ya kuma faɗi gaskiya domin bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce Inna ce ke kawo masa, in fata ta fara cinyewa, ta ba shi ɗan ƙulli a ɗinke ya yi masa sabuwar riga. Ya ce tun zamanin mahaifinsa take kawowa.

Kafin la'asar rabin unguwa ta ji. Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta a ƙofar ɗakin Baba, ta ce daga yau wannan matar ba ta ƙara taka ɗakin, ba kuma mai ba shi abin da ta dafa. Na yi tsalle na dire. Na gaya wa Gwaggo maganganun da ba a gaya wa babba, har da cewa in mallaka ce ta sa namiji zama da mace ɗaya cikin mutunci, to da ma a raba wa matan garin nan duka. Ta dube ni ta ce, “Ɗiyar mai abu ai dole ta kare abu.” Na juya wurin Yaya. Ya sunkuyar da kai ya ce shi bai ce Inna ta yi ba, amma baduku bai yi ƙarya ba, a bari ƙura ta lafa.

Inna ta kwashe ƴan kayanta ta koma ɗakin da muke ajiye hatsi. Mata masu zuwa dubiya suka riƙa gaida Gwaggo da murya sama, su wuce Inna da gaisuwar baki ɗaya, wasu ma ko wannan babu. Matar da ta yi musu wankan jego, ta ba su aron tukunya ranar suna, ita suke kallo ta wutsiyar ido. Ta ci gaba da dama kunu safe da yamma, ta rufe shi da faifai, ta ajiye a bakin murhu, ba mai ɗauka.

Baba kuwa ya rufe baki gam. Gwaggo ta kawo fura, ta kawo kunun gyaɗa na hannunta, ta yi lallashi, ta yi faɗa kamar yana yaro, ya datse haƙora. Idonsa na kan ƙofa, hannun hagu na kan damtse. In ya yi gurnani ya yi ta fizge-fizge sai Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, abin ne ke fita daga jikinsa. Ni ina ganin ƙasusuwan wuyansa suna fitowa, leɓensa na tsagewa. Ruwa kaɗai nake samu in ɗiga masa da cokali.

Na shiga ɗakin hatsi na tsaya kan Inna. Tana tsintar wake a tire.

“Inna, gashin wa ne?”

Ta ci gaba da tsintar wakenta.

“Inna, ana cin mutuncinki a gari. Malam zai mutu da yunwa. Naki ne?”

“Ba nawa ba ne.”

Da a ce nata ne, da na san yadda zan kare ta, in ce ƙuruciya ce da son miji. “To na wa? Me ya kai ki wurin baduku da gashin wata?”

Ta ce, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ɗiyata. Mai maganar na kwance, bakinsa a rufe. Ni ce zan buɗe nawa?”

Na fita. Na ji haushin Gwaggo, na ji na Yaya, amma a wannan rana na Inna ya fi duka. Na rasa wace irin kunya ce ko wane irin alkawari ne ya fi ran mutum.

Yaya ne ya yanke hukunci. Gwaggo ta so a kai wa wani Malam a Kurni ya warware, Yaya ya ce ba a wanke najasa da najasa, shi da kansa zai karanta abin da ya sawwaƙa ya ƙona abin kowa ya huta. Bayan sallar la'asar aka ɗebo garwashi a kasko aka ajiye a tsakar gida. Ya zauna a kan buzu, ya kwance ƙyallen, ya riƙe kitson da yatsu biyu. Gwaggo ta matso da tabarmarta. Matar Yaya da ƙannena suna tsaye daga nesa. Ni ina jingine da bango, kuma ba zan ɓoye ba, so nake a ƙona a gama, ko Inna ta samu komawa ɗakin mijinta.

Ya gama karatu, ya tofa, ya miƙa hannu saman kaskon. Ban ga fitowar Inna ba. Sai dai na ga hannunta a kan wuyan hannunsa. Tunda nake ban taɓa ganin ta taɓa shi ba, ban taɓa jin ta yi masa magana baki da baki ba. Ta dube shi cikin ido.

Ta ce, “Ɗan nan, janye hannunka. Gashin mahaifiyarka ne. Wadda ta haife ka.”

Wani a cikin ƙannena ya yi salati a hankali. Yaya bai motsa ba, hannunsa na saman wuta har sai da Inna ta jawo shi da ƙarfi ta ɗora masa a cinya. Sannan ta sake shi, ta ja baya, ta gyara mayafinta, ta juya gefe kamar yadda ta saba, ta yi sauran maganar tana kallon bango.

Ta ce a shekarar da Baba ya auri ta farko damina ba ta yi kyau ba, abin da ke rumbu ba zai kai su ba, dole ya tafi cin rani ya bar ta da ciki. Da safen da zai tafi ta ɗauki wuƙa ta yanke sili ɗaya daga kitsonta ta danƙa masa, ta ce ya riƙe, ya dawo mata da shi da hannunsa. A lokacin ba wayar salula, ba mai kai labari sai in wani ya taho. Ya yi raninsa a Kano yana tara kayan jariri. Da hadari ya haɗu ya dawo, ya tarar da jariri a hannun kakarmu, matar kuwa har ciyawa ta fara fitowa a kabarinta.

“Ya dawo da abin da aka ce ya dawo da shi,” in ji Inna, “bai samu wadda zai ba ba.”

Ta ce ita ma tana amarya ta tsince shi a aljihun rigarsa wurin wanki, a ƙulle cikin tsumma. Ta tsorata yadda muka tsorata, har ta ɗaure kayanta za ta gudu gida. Ya tare ta a zaure ya gaya mata, yana kuka, ya roƙe ta amana kada kowa ya ji, balle yaron, kada a ce namiji ya zauna yana riƙon gashin matacciya. Ita ce ta ce masa tsumma ba wurin ajiya ba ne, wata rana wani zai gani ya faɗi abin da ba shi ke nan ba. Ita ta ɗinke shi a ƙyalle, ta kai wa baduku, don kowa ya ɗauka laya ce.

“Na ci amanarsa yau,” ta ce. “Allah ya yafe mini. Amma ba zan tsaya ina kallo ɗa ya sa uwarsa a wuta ba.”

Na juya na dubi Gwaggo, ina jiran ta ce ƙarya ne. Bakina a cike yake, na shirya mata. Sai na ga carbinta a ƙasa. Ta miƙa hannu, Yaya ya kasa ba ta, ta rarrafo ta duba a tafinsa. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, “Jan gashi gare ta.” Ta shafa shi da yatsa. “Ni na yi mata wankan gawa. Da na kwance kanta na ga gurbi a ƙeya, an yanke sili ɗaya daga tushe. Na ce an gama da ita, asiri aka yi mata.” Ta dafe ƙirji. Ta ce mai kitson unguwar ta wancan lokaci ta zarga. Ba ta gaya wa kowa ba, amma daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwar matar ba, ta hana a kira ta kitso a danginmu, da ta rasu ko gaisuwar mutuwa ba ta je ba. “Na ɗauki alhakin baiwar Allah har ta shiga kabari. Yau kuma na zo zan ɗauki na biyu.”

Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi kuka ba, ko ranar da ta binne mijinta.

Yaya ya haura hamsin, gemunsa ya fara furfura. Ba shi da hoton mahaifiyarsa, domin ba a taɓa ɗaukarta ba. Bai san kabarinta ba, tsohuwar maƙabartar ta daɗe da shafewa. Yana zaune a kan buzu yana kallon abin da ke tafin hannunsa, wanda ɗazu yake riƙe da yatsu biyu kamar ƙazanta. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ya tambaya, da wata murya da ban san yana da ita ba, “Inna, yaya take?”

Inna ta ce, har yanzu fuskarta na bango, “Ban taɓa ganinta ba. Abin da na sani nata biyu ne, kai da wannan.”

Ya rufe tafinsa ya kifa kansa a kan gwiwa. Garwashin ya ci gaba da ci a kasko, ba wanda ya tuna da shi sai da matar Yaya ta zo ta ɗauke.

Ba a jira baduku ba. Inna ta kawo allura ta maida kitson cikin ƙyallensa ta ɗinke, ta yage bakin tsohon zane ta yi masa maɗauri, ta ajiye a kan buzu kusa da Yaya, domin kunyar ta dawo, ba za ta miƙa masa hannu da hannu ba. Shi ya ɗauka ya shiga ɗakin, ni ina biye. Ya durƙusa, ya naɗe hannun rigar Baba, ya ɗaura shi a kan fatar da ta saɓule. Hannun hagu ya zo ya lalube, ya samu, ya rufe a kai. Gurnanin ya tsaya. Baba ya dubi Yaya, ya ga idonsa, na tabbata ya gane an faɗa. Ya saki ƙullin, ya kamo hannun Yaya ya ɗora a kai, ya danne da nasa. Hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace.

Gwaggo ta tashi da kyar, ta naɗe tabarmarta daga ƙofa. Ta je bakin murhu ta ɗauko kwanon kunun da ke rufe da faifai, ta kai har gaban Inna, ta riƙe da hannu biyu.

Ta ce, “Shiga. Ɗakinki ne.”

Inna ta ce, “Ya huce, Hajiya. Bari in ɗuma.”

Ya sha. Bai sha da yawa ba, amma ya sha, yana haɗiya da kyar, idonsa a kanta. Gwaggo ba ta iya furta kalmar ban haƙuri ba, ba a halicce ta da ita ba. Abin da ta yi shi ne, da safe ta ɗauki sandarta ta bi gidajen unguwa ɗaya bayan ɗaya, duk inda maganar ta shiga ita ma ta shiga, ta ce ita ce ta yi ƙazafi, kowa ya maido abin da ya ji. Masu dubiya suka koma durƙusa wa Inna, ita kuwa ta amsa musu yadda ta saba, ba ta rage ba ta ƙara ba. Ni ce ban iya ba, har yau akwai matan da gaisuwata da su ba ta wuce lafiya lau.

Baba ya kai har gero ya fara fitar da kai, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ba a sa komi a likkafani, don haka masu wanka suka kwance ƙullin suka ba Yaya. Ban tambaye shi inda ya ajiye ba. Har yanzu yana wa'azi a kan layu, kuma yana da gaskiyarsa.

Ranar da Inna ta fita takaba ni na tsefe mata kai. Gashin ya yi fari fat, ya yi laushi, yana biyo mataji da yawa. Muna mu biyu a gindin dogon yaro, ta ba ni baya, shi ya sa na samu ƙarfin tambaya.

“Inna, bai taɓa yi miki zafi ba? Ke da hannunki kina ɗinke gashin wata a jikin mijinki?”

Ta ce, “Ya yi. Shekarun farko ya yi sosai.”

“Ke bai taɓa roƙon naki ba?”

“Ya yi me da shi? Duk shekarar da ya dawo yana tarar da ni.”

Na gama tajewa. Ta bi tabarma da hannu ta tsince abin da ya faɗi, ta miƙo tafinta ta baya in zuba mata na jikin mataji, za ta kai bayan ɗaki. Na zare, na ba ta rabi. Sauran na dunƙule shi na ƙulle a bakin zanena. Ta dubi abin da ke hannunta, ta san bai cika ba, domin Inna ba ta taɓa ɓatan lissafin gashinta ba. Ta juyo ta dubi ƙullin, ta dube ni.

Ta ce, “Kada ki bar shi a tsumma. Ki kai wa baduku.”